Mun Sayi Kwamfuta, Muna Aikin Tafireta

Duk ƙarshen zangon karatu, shagunan kwamfuta da ke kewaye da manyan makarantun Sakkwato sukan cika maƙil. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da na Jami'ar Jiha, da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da na Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, kowa riƙe da filashi ko waya, ana jiran layi a buga kundin bincike. Janareto na ruri, firinta na aman takarda, ga zafin garin da ba ya raga wa kowa. Wanda ya tsaya ya lura zai ga ba bugun rubutu ke cinye lokacin mutanen nan ba. Samarin da ke aiki a shagunan suna da saurin hannu na ban mamaki, wasunsu ko kallon madannai ba sa yi. Gyara ne ke cinye lokacin.

Malami mai duba aiki ya ce a cire sakin layi biyu a babi na biyu. An cire. Nan take kan babi na uku ya hauro tsakiyar shafi, domin tun farko da maɓallin enta aka yi ta tura shi har ya faɗa sabon shafi. Lambobin shafin da ke cikin ƙumshiya duk sun tashi daga daidai, domin da hannu aka rubuta su, har ɗige-ɗigen da ke tsakanin kan magana da lambarsa ɗaya bayan ɗaya aka danna su. Jadawali na 4.3 ya koma na 4.2, amma cikin bayani har yanzu ana cewa a duba 4.3. Shafukan farko, wato sadaukarwa da godiya da tsakure, suna cikin wani fayil daban, saboda mai bugun bai san yadda zai sa musu lambobin Rumawa ya kuma sa wa sauran kundin lambobin yau da kullum a fayil guda ba. A sake bi, a sake bugawa, ɗalibi ya sake biya. Mako mai zuwa malami ya ƙara wani gyaran, a koma gidan jiya.

Na daɗe ina ganin wannan a matsayin asara ta gaske, ta kuɗi da ta lokaci da ta mutuncin aiki, kuma ba na ɗora laifin a kan samarin shago. Abin da aka koya musu suke yi. An ba su kwamfuta, aka koya musu aikin tafireta.

Bambancin na'urorin biyu yana da sauƙin faɗa. Tafireta ba ta san abin da ake bugawa da ita ba. Harafi ne kawai ke bugun takarda. In kana son kan magana ya zauna a tsakiya, sai ka ƙirga tazara da idonka. Manhajar sarrafa rubutu, irin Microsoft Word da ta fito tun 1983, ko LibreOffice da ake saukewa kyauta, tana iya riƙe matsayin kowane ɓangare na rubutu, in dai an gaya mata. A saman allo akwai jerin salon rubutu da yawancinmu ba mu taɓa kula shi ba. Idan ka zaɓi "Babi na Ɗaya" ka ce mata wannan kanu ne na mataki na farko, ka zaɓi "1.1 Shimfiɗa" ka ce wannan na mataki na biyu ne, ka bar sauran a matsayin gundarin rubutu, to ka gama rabin aikin kundi. Daga nan ita za ta tattara kanun ta gina ƙumshiya da lambobin shafinta, kuma duk lokacin da aka yi gyara, dannawa ɗaya za ta sabunta ta. In sashe ya ce kanun babi su koma manyan baƙaƙe masu kauri, wuri guda za ka canza, babi biyar su canza tare. In ka shaida mata cewa kowane kan babi ya fara a sabon shafi, ba za ka ƙara tura shi da enta ba har abada. Lambobin Rumawa kuwa, yanke takardar sashe-sashe ne kawai, kowane sashe da tsarin lambarsa. Jadawali da hotuna ma tana ba su lamba da kanta, ta kuma gyara duk inda aka ambace su cikin bayani. Manazarta akwai Zotero, ita ma kyauta ce, wadda ke ajiye bayanan littattafan da ka karanta ta jera su bisa tsarin APA ko wanda sashenku ya zaɓa.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar digiri a kimiyyar kwamfuta. Wanda ya riga ya iya bugu zai kama su cikin 'yan kwanaki. Abin da ke da wuya shi ne sauya tunani: ka daina tambayar yaya wannan layi zai fito a ido, ka fara tambayar mene ne matsayinsa a cikin rubutun.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, in akwai garin da ya kamata ya fahimci wannan tunani a ƙasar Hausa, to Sakkwato ne. Duk wanda ya taɓa shiga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ko ya ga littattafan da ke gidajen malamai a cikin gari, ya san magabatanmu ba su yi rubutu kara-zube ba. Littattafan nan warwara suke, ba a ɗinke ba, ana ajiye su cikin gafaka. To ta yaya takardun ba sa rikicewa? Mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, ta yadda ko iska ta watsa su, ɗalibi zai iya mayar da kowace gurbinta. Jan tawada tana da aikinta: kan babi, farkon fasali, kalmar da ke buɗe sabuwar mas'ala. Matani yana da wurinsa, sharhi yana da nasa a gefe ko tsakanin layuka. A ƙarshe mai kwafi kan rufe da bayanin kammalawa, sau da yawa har da sunansa da na mai littafin. Dubi yadda Shehu Usmanu ya tsara Ihya'us Sunna: babi bayan babi a kan zubi guda, a kawo sunna a cikin al'amarin, sannan a kawo bidi'o'in da aka shigo da su. Mai karatu yana buɗe kowane babi ya san inda zai sami abin da yake nema. Da irin wannan horo ne rubuce-rubucen Shehu, da na Abdullahin Gwandu, da na Muhammadu Bello mai Infaƙul Maisuri na 1812, da waƙoƙin Nana Asma'u, suka yi ta yawo daga hannun mai kwafi zuwa wani fiye da shekara ɗari biyu ba su ɓata tsari ba. Mutanen nan sun san jan tawada ba ado ba ce, alama ce ta matsayi. Jikokinsu kuwa, da na'urar da za ta iya riƙe musu wannan tsari duka, suna amfani da ita wajen ƙawata shafin farko da furanni da launuka.

Ta ina matsalar ta faro? Babban kaso daga wurin koyarwa ne. Ƙananan makarantun kwamfuta da ke unguwanni, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, sun yi wa al'umma hidima, don da yawa daga cikin matasanmu can suka fara taɓa linzamin kwamfuta. Amma darasin sarrafa rubutu a irin waɗannan wurare yakan tsaya ne a saurin bugu, da kaurara harafi, da ja masa layi, da sa launi, da zana jadawali. Daga nan sai a wuce Excel da CorelDraw, a ba da takardar shaida. Malamin da kansa haka aka koya masa. A manyan makarantu ma, tun wajen 2004 hukumar NBTE ta sauya kwas ɗin sakatarori na kwalejojin fasaha zuwa na fasahar ofis da gudanarwa, don a tafi da zamani, kuma a sakandare aka shigo da darasin sarrafa bayanai, har aka riƙa rubuta shi a WAEC da NECO. Manufa ta yi kyau. Sai dai yaron da ya haddace ma'anar abu don jarrabawa, bai taɓa zama ya tsara takarda mai shafi tamanin ba, bai iya ba tukuna. Wannan ilimi na hannu ne. Sai takarda ta yi tsawo, gyara ya yi yawa, sannan amfaninsa ke bayyana, kuma wasiƙar shafi ɗaya da ake gwaji da ita a aji ba ta nuna komai.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a cika son taɓawa ba. A shago, da shafi ake biya. Bugu da shafi, fitarwa da shafi, gyara ma da nasa farashin. Wani mai shago da muka tattauna da shi ya faɗa mini gaskiyarsa ba ɓoye-ɓoye: "Malam, in aikin wanga ya koma na minti biyar, mi za mu ci? Ga kuɗin mai, ga haya, ga yara." Ban raina wannan magana ba, domin mutumin yana ciyar da iyali ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kunna janareto ya zama abin lissafi. Amma ina ganin lissafin nasa bai cika ba. Sa'o'in da yaronsa ke ɓatawa yana gyara ɗige-ɗigen ƙumshiya, janareto na shan mai a cikinsu, ga wasu masu aiki sun gaji da jira sun wuce gaba. Shagon da ya ce zai tsara kundi gaba ɗaya a kan farashi guda, ya kuma yi alkawarin gyara cikin ƙanƙanin lokaci, ɗalibai da kansu za su yi masa talla a ɗakunan kwana. Ƙwarewa ce ya kamata ya sayar, ba yawan shafi ba.

Mu ma da ke koyarwa ko duba rubutun wasu muna da namu kason. Muddin malami ya nace sai an kawo masa kundi a buge, ya bi shi da jan biro, ɗalibi zai yi ta fitar da daftari bayan daftari. Alhali cikin manhajar akwai hanyar bin sawun gyara: malami ya goge, ya ƙara, ya rubuta tsokaci a gefe, ɗalibi ya ga kowane canji da launinsa, ya karɓa ko ya nemi ƙarin bayani. Na san akwai dattawan malamai da idonsu ya fi sakewa da takarda, kuma ba zan ce a tilasta musu ba. Amma matasan malamai da ke yini da waya a hannu ba su da wannan uzuri.

A ofisoshi abin ya fi tsanani, don can kuskure kan shafi rayuwar mutum. Ɗauki takardar da za a aika wa ƙananan hukumomi 23 na jihar, ko takardun canjin wurin aiki na malaman makaranta, ko gayyatar taro, ko shaidar saukar Alƙur'ani ta ɗaliban Islamiyya. Yadda aka saba, akawu zai buɗe ta farko, ya goge suna ya sa wani, ya fitar, ya sake gogewa. Wajen ta arba'in ido ya gaji, sai ka ga takarda ɗauke da sunan wani a sama da lambar fayil ɗin wani a ƙasa. Tun da daɗewa manhajar na da hanyar haɗa wasiƙa guda da jerin sunaye: ka rubuta wasiƙar sau ɗaya, ka bar gurbin suna da muƙami da wurin aiki, ka ajiye bayanan mutane a jadawalin Excel, ita ta zuba kowa a gurbinsa ta fitar da takarda ɗari biyar in ka so. Fa'idar ba sauri kaɗai ba ce. Sunan mutum wuri guda yake zaune, in an tantance shi sau ɗaya ya tantantu. A ƙasar da tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, inda bambancin Muhammad da Muhammadu da Mohammed a takardu biyu kan sa yaro da mahaifinsa zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a sani, in jerin sunayen ne ke da kuskure, na'ura za ta yaɗa shi ba tare da ta tsaya tambaya ba. Don haka aikin akawu bai ƙare ba. Ya tashi ne daga maimaita bugu ya koma tantancewa, wanda ya fi bukatar hankali da amana.

Haka batun samfurin takarda. Ofis ya zauna sau ɗaya ya tsara yadda wasiƙarsa za ta kasance, da tambari, da gurbin lamba da kwanan wata, ya ajiye shi a matsayin uwar takarda da kowa zai ɗauka. Abin da ake yi yanzu shi ne a buɗe tsohuwar wasiƙa a rubuta sabuwa a kanta, kuma ta nan ne kwanan watan bara da sirrin wani ke bin takarda su fita waje. Takardar hukuma da za ta bi WhatsApp kuwa, a mayar da ita PDF kafin ta bar ofis.

Yanzu ga inda abin ya fi taɓa ni, wato rubutun Hausa kansa. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da nau'in haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba marubuta damar fitar da baƙaƙe masu lanƙwasa. Wannan gagarumin aiki ne, kuma ɗimbin littattafai da mujallu da kundayen digiri na Hausa da shi aka buga su. Dabarar ita ce a ari wasu maɓallan da ba a cika amfani da su ba, a sa musu siffar baƙaƙenmu. A allo kana ganin ƙ, amma abin da na'ura ta ajiye alamar baka ce. Shi ya sa in ka tura fayil ɗin zuwa kwamfutar da ba ta da Rabi'at, ko ka ɗora shi a intanet, sai ka ga "}asa" a maimakon ƙasa, "]aya" a maimakon ɗaya, "za~e" a maimakon zaɓe. Duk mai karanta Hausa a intanet ya ci karo da wannan.

A zamaninta dabarar ta yi magani. Yau kuwa tsarin Unicode, wanda duniya ta haɗu a kansa, ya ba kowane baƙinmu lambarsa ta dindindin. Windows na da madannan Hausa, wayoyin hannu ma haka. A Word, ko ba ka sa komai ba, in ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ za ta fito. 0257 ta ba ka ɗ. 0253 ta ba ka ɓ. Kana iya saita gyaran-kai na manhajar ya riƙa yi maka wannan. Duk da haka har gobe ana buga sababbin kundaye da tsohuwar hanya, saboda ita aka gada a shago, ita kuma wasu sassa suka saba karɓa. Illar tana da girma. Binciken da ɗalibi ya yi shekara uku yana yi a kan waƙoƙin Narambaɗa, ko a kan Sakkwatanci, ko a kan sana'ar jima da dukanci, in an ɗora shi a rumbun intanet ba mai samunsa ta hanyar neman kalma, domin wanda ya nemi "waƙa" ba zai ga "wa}a" ba. Masu gina ƙamus da manhajojin fassara da na gyaran rubutu ma ba za su amfana da shi ba sai an wanke shi. Muna kukan Hausa ba ta da isasshen rubutu a intanet, alhali wani kaso na rubutunmu mafi inganci yana nan a kulle cikin alamomin baka.

A nan ne sarrafa aiki da kai ke da amfani na zahiri. Mayar da tsohon fayil zuwa Unicode musanya shida ce kawai, manya uku da ƙanana uku, ta hanyar nemo-ka-musanya. Ana iya naɗe matakan a matsayin makuro, wato ɗan umarnin da manhaja ke haddacewa ta maimaita, a riƙa gudanar da shi a kan kowane fayil, sannan mutum ya bi ya duba wuraren da bakar gaske ce marubuci ya nufa. Ina ƙara jan kunne a kan makuro: wanda ka rubuta da kanka ko ka san tushensa kaɗai za ka kunna. Ƙwayar cutar Melissa da ta rikita ofisoshin duniya a 1999 cikin takardar Word ta shiga, kuma a 2022 kamfanin Microsoft ya ɗauki matakin toshe makuron fayilolin da aka sauko da su daga intanet. A garin da filashi guda ke zagaya kwamfuta goma a yini, wannan gargaɗi namu ne.

Masu rubutun Larabci da ajami, waɗanda Sakkwato ba ta rasa su, suna da nasu ƙalubalen: aya ko hadisi a tsakiyar bayanin boko, rubutu daga dama cikin rubutu daga hagu. Wanda ya ware wa nassin Larabci salonsa na musamman ya huta da rikicewar layi. Ajami ma yanzu yana da haruffan Alkalami da Harmattan da ƙungiyar SIL ta fitar kyauta, na farkon an zana shi ne a kan irin hannun da ake rubutu da shi a Kano da kewaye.

Za a ce ina wutar da za a yi wannan duka, ɗalibai nawa ne ma ke da kwamfutar kansu? Gaskiya ne da yawa a waya suke rubuta babinsu, da WPS ko Google Docs. Amma waɗannan ma suna da salon kanu, kuma rashin wuta hujja ce ta koyon hanya mai sauri, ba ta ci gaba da mai jinkiri ba. Wasu kuma za su ce manhajojin basirar na'ura sun kusa ɗauke wannan aiki gaba ɗaya. Ko sun ɗauke, wanda bai san yadda takarda mai tsari take ba ba zai gane in an ba shi maras tsari ba, kuma shi ne zai tsaya gaban malamai ranar kare kundi.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kwangila ko sabon gini. Kowace makarantar gaba da digiri da kowane sashe suna da ƙa'idojin rubuta kundi: girman harafi, tazarar layi, faɗin gefe, jerin shafukan farko. A maimakon a bar su a ɗan littafi kaɗai, a zuba su cikin fayil guda na samfuri, da kanu a shirye, da sassa a yanke, da ƙumshiya mai sabunta kanta, a ba kowane ɗalibi tun ranar da aka amince da batun bincikensa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikaci ɗaya da ya ƙware zai iya haɗa shi cikin mako. A kira masu shagunan da ke bakin makaranta a horar da su tare da ɗaliban, tunda ta hannunsu aikin ke bi. Sassan Hausa kuma su yanke shawara su rubuta ta: daga zango mai zuwa ba a karɓar kundi sai da baƙaƙen Unicode, tsofaffin fayilolin da ke kwamfutocin sashe da na shaguna kuwa a tattaro su a juya su tun na'urorin da ke ɗauke da su ba su mutu ba.